Kada Ki Ce Musu Da Sauƙi

Dutsen Kura, Minna

Zuwa ga 'yata, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kika ci, kuma tun ranar suna bakina bai taɓa iya kiran sunanki na yanka ba. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Abuja lafiya, Ya raba ki da ramukan hanyar Suleja da irin direbobin nan masu gudu kamar an biyo su. Na cusa ta ne a ƙarƙashin atamfofin da na ɗinka miki, don na san sai kin huta za ki kwance jakar, kuma ba na son ki karanta ta a gabana. Kin san babanki, in ana kallon idonsa ba ya iya faɗin magana a miƙe. Wannan halin nawa ma shi ne dalilin rubuto miki.

Ranar da kika shigo shago da murna kika ce kin sami aiki, na tambaye ki wane iri ne. Kika ce kamfanin kirifto ne, masu cinikin kuɗin nan na cikin waya, suna neman mai Hausa mai daɗi da za ta riƙa yi wa mutanenmu bayani da murya da bidiyo, kowace safiya ta faɗa musu halin da kasuwa ta kwana. Na ce Allah Ya sa albarka. Kika fita kina dariya za ki je ki gaya wa Ummanki, ni kuma na zauna a kan keke na ɗinke hannun rigar mutum a baibai ban sani ba, sai da na farke. Tun daga ranar gabana yake faɗuwa. Tsoro nake ji, Mamana, tsoro sosai, kuma ba zan neman masa wani suna mai daɗi ba.

Ba zan ce ki bar aikin ba. Ina kallonki shekara uku bayan bautar ƙasa kina rubuta takardun neman aiki, kina goge takalmi ɗaya kina zuwa ganawa kina dawowa da ƙafa a kumbure. Uban da ya ga wannan ba shi da bakin cewa a zauna. Abin da zan iya shi ne in buɗe miki wasu abubuwa da na aikata da wannan bakin nawa, waɗanda ban taɓa gaya miki ba, ki auna da kanki.

Kin tashi kin tarar ana cewa Malam Ilyasu Tela yana da sanyin baki. Duk rasuwar da aka yi a layinmu, ni ake turawa in sanar da dangi, don an ce na iya shimfiɗa magana har mutum ya zauna kafin ta same shi. Na daɗe ina jin kaina da wannan, har in aka tura wani ba ni ba sai in ji ba daɗi. To, kina ƙarama akwai wani tsoho maƙwabcinmu, Malam Audu, abokin kakanki ne tun suna aikin reluwe. Ɗansa Garba kafinta ne, yana aiki a Kaduna. Da ciwon tsohon ya yi nauyi, likita ya gaya mana a fili cewa kwanaki suka rage. Aka ce in je in kira Garba. Lokacin ba kowa ke da waya ba, sai an je wajen masu kiran waya a ƙarƙashin lema an biya ake kira.

Garba ya ce, "Yaya Ilyasu, yaya jikin Baba?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ya ce, "In taho yau, ko in ƙarasa rufin da ke hannuna in zo Asabar?"

Na ji muryarsa tana rawa, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Kada ka tayar da hankalinka. Jikin ne ya ɗan motsa, ana kan magani."

Ya zo ranar Asabar. Tun Alhamis muka kai tsohon makwancinsa. A ƙofar gidansu Garba ya riƙe hannuna, bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Yaya, ai da ka ce mini in taho." Ya saki hannuna ya shiga gida.

Duk muna cewa da sauƙi, Mamana, kuma ba laifi ba ne, godiya ce ga Allah da kuma ladabi. Amma wanda ya zo dubiya aka ce masa da sauƙi, zai shiga ɗaki ya ga idon majinyaci, ya ga ko yana iya riƙe kofi, ya san iya sauƙin da ake nufi. Garba ba shi da wannan. Kunnensa kaɗai yake da shi, kuma a kan maganata zai yanke ya taho ko ya tsaya. Don haka ki riƙe wannan: duk wanda yake nesa, ba ya iya gani da idonsa, kuma da maganarki zai yanke shawara, ki ba shi ita yadda take ko da za ta gigita shi. Mutanen da za su saurare ki kowace safiya duk irin Garba ne, ba mai iya leƙa ɗakin da kuɗinsa yake kwance.

Za ki ɗauka na yi hankali daga nan. Ban yi ba.

Lokacin da kirifto ya shigo garin nan kina makaranta. Ko'ina ka duba an sunkuyar da kai ana danna waya, a cikin Keke Napep, a wajen mai shayi, har a bakin masallaci kafin a tayar da salla. Da farko dariya nake musu, ina cewa ni kuɗin da Ummanki ba za ta iya ƙullewa a bakin zani ba ban san shi ba. Sai wani mai kawo mini ɗinki ya fara zuwa da shadda bayan shadda, kullum sai ya nuna mini wayarsa, ga wani zane kore yana hawa sama. Na yi ta kallo har zuciyata ta yi laushi. Kin tuna babban kekena na aikin wuya, wanda kika dawo hutu kika tarar ba ya shago, na ce miki yana wajen gyara a Sabon Gari? Ƙarya na yi miki. Sayar da shi na yi na zuba kuɗin a ciki. Yau na faɗa, ki yafe mini.

Aka sa ni a wani guruf na masu zuba kuɗi a cikin waya. Kowace safiya wata mata takan turo saƙon murya, ta fara da sallama, ta gaishe da Musulmi ta gaishe da Kirista, sannan ta yi bayanin kasuwa. Ina jin muryar na gane ta. Malama Ladi ce, malamar firamare da ke zaune a Fadikpe, ni nake ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta. Masu kamfanin ban taɓa ganinsu ba, ban san ko a wace ƙasa suke kwana ba. Ita na sani, kuma saboda ita hankalina ya kwanta.

Abin da na lura da shi daga baya, wanda har yanzu in na tuna raina yake ɓaci, shi ne lokacin da kasuwa take hawa Hausarsu gajeriya ce, yaro ma zai gane. Ta tashi. Ta ninka. Ta fashe. To, ranar da zanen ya koma ja ya fara gangarowa, sai harshe ya yi yawa. Yau a ce kasuwa gyara take yi, kuma gyaran lafiya ne. Gobe a ce hutawa take yi, ai ko ɗan tsere yana tsayawa ya sha ruwa. Jibi a ce rangwame ne Allah Ya kawo, mai hankali yanzu yake ƙara saya. Da abin ya ƙi tsayawa sai aka ce manyan 'yan kasuwa ne suke girgiza bishiya don masu raunin zuciya su zubo, kuma wai ba ka yi asara ba sai ranar da ka sayar. Ina kallon kuɗin kekena yana narkewa a tafin hannuna, ana gaya mini hutawa yake yi. Mu teloli an san mu da cewa a dawo gobe, ban musa ba, na faɗa sau ba iyaka. Amma a shekara talatin da nake riƙe da almakashi, ban taɓa ɓata yadin mutum na dube shi na ce masa yadinsa yana shan iska ba.

Wata rana bayan azahar haƙurina ya ƙare, na rubuta a guruf ɗin: "Don girman Allah a faɗa mana, faɗuwa ce wannan ko ba faɗuwa ba ce?" Ko minti biyar ba a yi ba aka goge. Aka turo mini gargaɗi cewa ina yaɗa tsoro, in na sake za a fitar da ni. Yaran da na haifi kamarsu suka yi ta turo hoton dariya, wani ya ce, "Baba, wannan harkar ba ta masu hawan jini ba ce." Kin san abin da babanki ya yi? Haƙuri na ba su. Na rubuta cewa a yi mini afuwa, rashin sani ne. Ni da kuɗina, ni da tambayata ta gaskiya, ni na durƙusa. Kunyar a ce ban waye ba ta fi ƙarfin tsoron asarata.

Mamana, a gurufanku za a sami tsoho irina. Zai rubuta da kurakurai, wataƙila da manyan baƙaƙe, ya yi tambayar da za ta ɓata wa shugabanki rai. Kada ki goge shi, kada ki bari a yi masa dariya a gabanki. Ki amsa masa da kalmar da ya yi tambaya da ita. In ta faɗi, ki ce ta faɗi. Daga nan in kina da fatan za ta tashi, ki ce fata ne, kada ki ce sani ne.

Da kekena kaɗai na rasa, da na haɗiye na yi shiru. Abin da ke hana ni sakewa shi ne Yakubu. Kin san shi, Baba Yakubu manomin doya na can bayan Maikunkele, wanda yake kawo mana sabuwar doya kowace shekara, nake ɗinka wa iyalinsa kayan Kirsimeti tun kafin ya yi furfura. Lokacin da zanen yake kore na nuna masa wayata, irin yadda aka nuna mini. Shi ƙaramar waya ce da shi, ta kira da fitila. Kin san Iliya yake kirana. Da ya sayar da doyarsa ta wannan shekarar, ya zo shago ya ajiye mini kuɗin a kan teburin yanka, har da wanda ya ware na sayen iri.

Ya ce, "Malam Iliya, ni ban san waya ba. Kai ne ido na. Sa mini a ciki."

Na sa masa. Daga nan duk Asabar in ya shigo gari sai ya leƙo, ya zauna a benci ya cire hula, ya ce, "Malam, kasuwa ya tashi?" Ni kuma abin da Malama Ladi ta zuba mini a kunne da safe shi nake juye masa da rana. Na ce gyara take yi. Asabar ta gaba na ce hutawa take yi. Ina faɗa ina jin ɗacin maganar a harshena, amma ina faɗa, don in na ce masa ta faɗi to na ce wa kaina ma ke nan.

Akwai Asabar ɗaya da ba za ta bar ni ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana sa ran ruwan farko. A ranar, da na danna wayar, da an iya fitar da kusan rabin abin da ya zuba, kuma rabin nan zai saya masa iri. Yakubu bai cire hula ba, bai ma zauna ba.

Ya ce, "Malam Iliya, gaya mini gaskiya. Ya fadi ko bai fadi ba? Idan ya fadi, cire mini wanda ya rage, zan saya iri. Ruwa yana zuwa, ba ya jira mutum."

Tambayata ce, wadda aka goge mini a guruf, ga ta an kawo mini har shago. Na san amsarta. Wallahi na sani. Na dubi wayar, na dubi mutumin da ya ce ni ne idonsa, na ce, "Yakubu, masu sani sun ce in aka cire yanzu ne aka yi asara. Ka ƙara mako biyu." Ya ce to, tunda ni na faɗa.

Kafin mako biyun su cika aka sanar cewa an dakatar da cire kuɗi na ɗan lokaci don a inganta manhaja. Ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. A wannan daminar Yakubu bai shuka doya ba. Mutumin da ya haura sittin, mai gonar kansa, na gan shi da idona yana yi wa wani ƙodagon huɗa, ana biyansa da yamma. Bai taɓa yi mini gori ba. Da Kirsimeti ta zo ya aiko cewa bana kayan bara za su sa, in gaishe da iyali.

Shawarata a nan gajeriya ce. Kada ki maimaita wa kowa maganar da ke kanki ba ki gamsu da ita ba, don kawai an rubuto miki ita daga sama. In kin ji tana yi miki ɗaci a baki, ki tsaya. Kuma ki sani wanda ya saurare ki ba shi kaɗai ya ji ba. Yana da nasa Yakubun, mai ƙaramar waya, da zai je ya juye wa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne asalin tsorona. Ko Ummanki ba ta san shi ba.

Da aka tabbatar kuɗi sun tafi, mutane suka fara neman wanda za su kama. Masu kamfanin ba su da gida a garin nan, ba su da fuska, lambobinsu duk a kashe. Wa ya rage? Mai muryar. Wata safiyar Litinin aka yi ta kiran juna cewa a haɗu a Fadikpe. Na rufe shago na tafi. Ina cikinsu, Mamana. Na gaya wa kaina zuwa zan yi in ji bayani, amma zuciyata tafasa take yi kamar ta kowa.

Mun tarar da ƙofar gidan a kulle. Maza da mata sun cika layin, wasu suna dukan ƙofa da tafin hannu, wata mata tana birgima a ƙasa tana cewa kuɗin aikin idon mahaifiyarta ne. Malama Ladi ta leƙo ta taga, ba ɗankwali, fuskarta ta kumbura da kuka. Muryar nan da muka saba ji a natse, ranar karkarwa take yi.

Ta ce, "Ku yi wa Allah ku saurare ni. Ni ma nawa yana ciki, har da na mijina. Abin da suke turo mini nake karanta muku, ban san komai ba."

Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ke kika ce mana hutawa take yi! Da bakinki kika faɗa!"

Sai dutse ya tashi. Gilashin tagar ya tarwatse, na ji kukan yara daga ciki, yaran da na auna da tef ɗina na ɗinka musu riga. Ban yi jifa ba, amma ban hana ba. Ina tsaye da hulata da furfurata, mutumin da ake turawa ya kwantar da hankalin jama'a, ban ce uffan ba. Wasu dattawan unguwar ne suka fito suka tsaya a bakin ƙofar har taron ya watse. Kafin mako ya zagayo ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin, aikin koyarwar ma ya tafi. Har yau in sunanta ya fito a wajen mai shayi sai wani ya tofar da yawu.

Tun ranar da kika gaya mini irin aikin da kika samu, in na rufe ido tagar nan nake gani, amma fuskarki ce a ciki. Na san yadda taron yake domin na tsaya a cikinsa. Ba miyagu ba ne, mutane ne irin babanki, waɗanda aka yi wa magana mai laushi har suka rasa damar ceton abin da ya rage musu. Wanda aka ce masa ta faɗi zai yi kuka, ya zagi kasuwa, ya tafi gida. Wanda aka lallaɓa har ya rasa komai, mai lallaɓar yake nema. Kuma a garin nan kowa ya san muryarki, kowa ya san 'yar gidan wa ce, kowa ya san ƙofar da Ummanki take zama tana tsince shinkafa.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki. Tun makon farko, kafin ki saba da albashi, ki tambayi shugabanki wa yake rubuta abin da za ki karanta, kuma ranar da kasuwa ta faɗi an yarda ki ce ta faɗi ko ba a yarda ba. Ki dubi fuskarsa sosai lokacin da yake amsawa. In ya yi dariya ya ce ai su ba sa amfani da irin waɗannan kalmomin, kin ji amsarki. Kada ki zuba albashinki a cikin abin da kike talla don a ce kin yarda da kamfani, Malama Ladi ta yi haka kuma bai cece ta ba. Duk ranar da aka miƙo miki takarda aka ce ki sanar an dakatar da cire kuɗi na ɗan lokaci, kada ki karanta, kada ki tsaya jiran kuɗin wata, ki ɗauki jakarki. A cikin kalmasar shuɗiyar atamfar nan, ta wajen ƙasa, na ɗinke miki kuɗin mota. Ba na katin waya ba ne, ba na kwalliya ba ne, na dawowa gida ne. Zare ɗaya za ki ja ya buɗe.

Da a nan zan tsaya, sai jiya wani abu ya faru.

Ina cikin yi wa kayanki guga Yakubu ya shigo da doya uku manya a kafaɗa, ya ce a ba ki ki tafi da su, wai ya ji doyar Abuja tsada. Allah Ya taimake shi, bana ya koma gonarsa, kuma ta yi kyau. Ya zauna a benci ya cire hula, yana ta murmushi.

Ya ce, "Malam Iliya, na ji Mama ya samu aiki a wurin masu kudin waya. Na yi murna. Wancan lokaci ba mu da mutum a ciki, shi ya sa. Yanzu yarinyan mu yana ciki, zai gaya mana gaskiya. Idan na sayar da doya, zan kawo."

Ina jin haka na manta dutsen guga a kan zani. Ko muryarki ba a fara ji ba, ko Abuja ba ki isa ba, sunanki ya riga ya fara ciro kuɗi daga gonar mutane. Na ajiye dutsen, na zauna kusa da shi, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da nake.

Na ce, "Yakubu, kada ka kawo. Ko sisi kada ka sa, ko da muryar 'yata ka ji. Kuma wancan karon, ranar da ka tsaya a nan ka ce in gaya maka gaskiya, ta riga ta faɗi, kuma na sani. Da na cire maka a ranar, da ka sayi iri. Ni na hana ka shuka."

Ya juya hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Ka sani?" Na ce na sani. Ya miƙe, ya sa hular, ya ce a gaishe ki, Allah Ya kai ki lafiya. Doyar ya bar ta. Ban san ko zai sake taka shagon nan ba, kuma in bai zo ba bai zalunce ni ba.

To, ki ji abin da na yanke, don kada ya zo miki ba zato. Na sa an shigar da ni guruf ɗin kamfaninku, ina ciki yanzu haka. Ba zan zuba ko kwabo ba, saurare zan yi. Kowace safiya in na buɗe shago zan kunna muryarki, in ji daɗi, in yi miki addu'a. Amma duk ranar da na ga zanen ya yi ja yana gangarowa, na kuma ji kin ce wa mutane gyara ne ko hutu ne, zan rubuta a gaban kowa cewa faɗuwa ce, kowa ya ceci abin da ya rage masa, kuma ni ne mahaifin mai maganar. In sun goge, zan bi shago shago in faɗa da bakina, daga Dutsen Kura har Sabon Gari. Na san hakan zai iya raba ki da aikin, zai iya sa ki daina ɗaga wayata. Na auna duka, na ga zan iya ɗaukar fushinki, amma ba zan iya tsayawa a bayan taro ina kallon tagarki ba. Ina roƙonki da girman Allah, Mamana, kada ki kai ni ga wannan ranar.

Allah Ya tsare mini ke a hanya da masauki, Ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronSa, Ya sa abincinki ya zama halal. Ya tsare harshenki daga abin da zai cuci bayinSa, Ya tsare ki daga hannun waɗanda aka cuta. Ya ba ki ƙarfin zuciyar da babanki bai samu ba sai da ya tsufa. Ummanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita. In kin gama karantawa ki kira ni, ko faɗa za ki yi mini, ina son in ji muryarki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Ilyasu Tela